An Yi Wa Gwaggona Zaman Makoki Tana Da Ranta

Edita, ina gaisuwa, ina kuma roƙon ka buga wannan yadda na rubuto shi, kada ka rage masa zafi, don an daɗe ana ba da labarin nan a Keffi ba wanda ya tambaye ni. A lokacin da abin ya faru ni budurwa ce mai ji da kanta. Na gama jami'a a nan garin, na ƙi zaman jiran aikin gwamnati, na kama ɗan shago a hanyar makaranta ina yi wa mutane zane a kwamfuta. Katin biki, fostar 'yan takarar ɗalibai, kalandar suna, sanarwar rasuwa, shafin sayar da tikitin wasa a intanet, duk ina yi. Hannuna yana da kyau, ban ɓoye ba, bakina kuma ba shi da linzami, wannan ma ban ɓoye ba. Ina cikin na farko a layinmu da suka fara aiki da manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda za ka faɗa mata abin da kake so ta zana maka shi kamar hoton gaske, kuma ina taƙama da hakan sosai.

Wadda ta raine ni gwaggona ce, yayar mahaifina. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka ranar da aka yaye ni aka miƙa mata ni a sashenta na gidanmu da ke Gangaren Tudu, ban kuma san wata uwa ba sai ita. Zabiya ce ta kiɗan ƙwarya. A zamaninta ba a yin bikin da ya amsa sunansa a cikin gari ba ita, har daga Nasarawa da Akwanga ana zuwa ɗaukarta da mota. Na tashi ina ganin manyan mata suna ɗaura ɗamara da mayafi da zarar ta buɗe baki. Sai zamani ya juya, masu sifika da kwamfuta suka karɓe biki, sai kuma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta, ya karkatar mata da baki, ya bar ta da sanda. Daga nan ƙafar mutane ta ɗauke daga gidanmu. Matan da ta yi wa waƙa ranar aurensu, ta kuma yi wa 'ya'yansu, sai su wuce ta ƙofar gidanmu ko leƙe babu. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma in na dawo daga shago nakan tarar da ita tana ƙwanƙwasa gefen kwanon sha da yatsun hannunta mai lafiya, tana motsa baki ita kaɗai. Wannan abu yana ci mini rai ba kaɗan ba.

Ni na kawo shawarar a shirya mata wunin karramawa, na mata zalla, a ɗakin taro, daga la'asar zuwa magariba. A sayar da tikiti, a nemo tsofaffin 'yan amshinta, ta hau ta yi ko da baiti ɗaya ne, a yi mata guɗa ta ji da kunnenta. Ƙungiyar matan unguwa ta yarda ta tsaya mana. Gwaggo ta yi ta noƙewa, daga baya ta amince, amma da sharaɗi: ba za a ɗauke ta hoto da wannan bakin ba. Ta ce duk wanda ya san ta da fuskarta daidai ya san ta, ba za a baza ta a gari ana nuni da ita ba. Abin da muke da shi kuwa sai wani tsohon hoto na sutudiyo, baƙi da fari, wanda ruwa ya taɓa ci har gefe guda ya goge. Na ce ta bar mini, ai wannan ƙaramin abu ne a wurina.

Na sa hoton a manhajar, na ce ta gyara fuskar, ta ƙara mata shekaru, ta ba ta kwarjini. Abin da ya fito sai da na yi kabbara. Gwaggo ce sak, bakinta daidai, da farin mayafi, haske yana fitowa ta bayanta, tana ɗan murmushi tana kallon sama. Na bar shi baƙi da fari don a ganina ya fi aji, irin na manyan mawaƙan da nake gani a intanet. Na ɗora shi a saman shafin tikitin, ƙato, na rubuta sunanta da ruwan zinare a ƙasansa, sannan bayanin taron da wurin da za a danna a sayi tikiti, can ƙasa kuma na rubuta ƙarara cewa wannan zane ne na ƙirƙirarriyar basira. A faffaɗar fuskar kwamfutata komai ya fito tare, gwanin sha'awa. Ban buɗe shi a waya na duba ba, alhali kaf waɗanda nake son su saya a waya za su gani. A waya kuwa, in ka buɗe, fuskarta da sunanta kaɗai ke cika maka ido, sauran sai ka ja ƙasa. To ga inda na yi wauta, kuma ba sai wani ya faɗa mini ba. A garinmu ba a ganin hoton tsohuwa baƙi da fari da farin mayafi yana yawo a waya sai in ta cika. Ni da hannuna na sha yi wa mutane irin wannan sanarwar, amma ranar kyan zanen ya rufe mini ido.

Na tura adireshin shafin a guruf ɗin dangi da na ƙungiya da safe, na ci gaba da aikina. Daga baya na bi diddigi na gano yadda aka yi. Matar wani ɗan uwanmu, don ƙauna, ta ɗauki hoton fuskar wayarta ta ɗora a sitatus ba ta rubuta komai ba. Wata ƙawarta ta gani, ta kwafa, ta rubuta Innalillahi a ƙasa. Kafin rana ta yi zafi ya kai ga wani shafin labarai da 'yan gari ke bi, wanda wani saurayi ke gudanarwa, shi kuma ya ƙawata abinsa: wai fitacciyar zabiya ta rasu a asibiti bayan doguwar jinya, ta bar 'ya'ya da jikoki da dama. 'Ya'ya da jikoki! Matar da ta ƙare rayuwarta tana haɗiye gorin rashin haihuwa, ranar da aka kashe ta a waya aka ba ta jikoki. Abin da ya ƙara ɗaure ƙaryar shi ne, ranar ce ranar gashin ƙashinta. Maƙwabta sun ga an sa ta a keke mai ƙafa uku da sassafe an nufi asibiti tare da matar yayana, wayar matar yayana kuma a mace take don mun kwana biyu ba wuta.

Ina shago wayata ta fara ruri. Ta farko da ta kira ƙawata ce, tana kuka tana ba ni haƙuri. Edita, wallahi ni ma na yarda. Ni da na zana hoton, da aka turo mini shi da Innalillahi a ƙasa, ban tsaya tunani ba, na ɗauka sun rasa wani hoton ne suka ɗauki nawa. Na bar shago a buɗe na haye okada. Na tarar da ƙofar gidanmu ba masaka tsinke, an shimfiɗa tabarmi, maza sun yi jigum, cikin gida ya cika da mata. Baffana, ƙanen Gwaggo, wanda shi ne babban namiji a dangi tun rasuwar mahaifina, ya riga ya miƙe a masallaci bayan azahar ya sanar. An tura samari maƙabarta da diga da shebur, yayana ya tafi asibiti ɗauko gawa. A tsakar gida na ga fuskokin da rabona da su tun ina 'yar firamare. Wata hajiya daga unguwar Jigwada tana ta faɗin yadda Gwaggo ta raya mata bikin 'yarta, wata tana cewa ba za a sake yin murya irin tata ba. Aminiyar Gwaggo, wata tsohuwa 'yar Gwandara da ta yi shekaru tana buga mata ƙwarya, ta iso daga ƙauyensu ta hanyar Nasarawa, tana birgima a ƙasa an kasa riƙe ta.

Ana cikin haka keke ya tsaya a bakin layi, don tabarmi sun tare hanya. Ashe sun yi saɓani da yayana. Matar yayana ta fito, ta juya ta kamo hannun Gwaggo, sai ga ta nan da sandarta da ledar ayaba, tana tambayar wa ya mutu. Kai, ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba! Wani dattijo ya bar takalmansa da carbinsa, mata suka yi ɗaki suna turereniya, hajiyar Jigwada ta faɗa kan randa. Ni kuwa na rungume ta ina kuka ina dariya kamar taɓaɓɓiya. Da aka natsu aka yi mata bayani, sai ta nemi kujera ta zauna a tsakar gida, ta bi matan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana kiran kowace da sunanta da sunan uwarta. Ta ce ashe duk suna gari, ita ta ɗauka ƙaura suka yi. Ba wadda ta iya ɗaga ido. Aka aika a dawo da samarin maƙabarta, amma sun riga sun yi nisa da haƙa.

Na ɗauka abin zai ƙare a dariya. Ina! Washegari shafin nan bai goge labarin ba, bai ba da haƙuri ba, sai ma ya fito da sabo: wai an bankaɗo wata budurwa da ta yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙaga mutuwar gwaggonta don tikitinta ya shiga. Ya ɗauko hotona na ranar kammala makaranta ya manna kusa da na Gwaggo. Mutanen da jiya suka tura ƙaryar ba bincike, su ne yau suka fi kowa zagi, don kowa yana neman wanda zai ɗora wa kunyarsa. An kira ni marar tarbiyya, an kira ni 'yar damfara, an ce 'yan boko ba su san darajar mutuwa ba. Masu kawo mini aiki suka janye, mai shagon kusa da ni da muke cin abinci kwano ɗaya ta koma gaishe ni da kai. Ƙungiyar matan unguwa ta aiko cewa a dakata tukuna, mai ɗakin taron ya fara kame-kame. Wunin Gwaggo, wanda duk don shi na faro wannan aiki, ya kama hanyar rushewa.

Na nemi mai shafin har na same shi zaune a wani shagon cajin waya, sa'ana ne ma ashe. Na tambaye shi wa ya gaya masa ta mutu, wane asibiti, wane likita, waɗanne jikoki. Ko kunya babu ya ce kowa na ɗorawa shi ma ya ɗauka, in ya tsaya bincike wasu za su riga shi. Na buɗe masa shafin tikitin, na ja ƙasa na nuna masa ranar taron da inda na rubuta cewa zane ne, na ce ya buga gyara. Ya ce gyara ba ya tafiya, ba mai karantawa, amma in ina so zai tallata mini taron da sauƙi, sai ya sauke labarina a matsayin ihsani. Allah na tuba, abin da na faɗa masa a wurin ba zai bugu a mujalla ba. Sai da masu shago suka shiga tsakani sannan na fito. Wani kuma ya ɗauki bidiyona ina masifa, shi ma ya zaga gari.

Baffa ya tara mu a zaure, shi da yayana da wasu dattawan dangi. Ransa a ɓace yake, kuma na san dalili. Shi ne ya tsaya gaban jama'a ya sanar da mutuwar yayarsa bai ga gawa ba, bai ko taka asibiti ba, yanzu in ya fita ana yi masa kallon ƙasa-ƙasa. Ya yanke hukunci cewa in rufe shafin, a fasa taron, in yi bidiyo in amsa cewa ni na ƙaga labarin don ƙuruciya, in nemi gafarar gari. A cewarsa in na amsa wutar za ta mutu, mutane za su ce yarinya ce ta tuba. Na durƙusa yadda aka koya mini, na ce masa hoton nawa ne, rashin dubawa a waya nawa ne, kuma zan faɗi wannan a gaban kowa. Amma ban rubuta Innalillahi ba, ban ambaci asibiti ba, ban sanar a masallaci ba, kuma ko yanka ni za a yi ba zan amsa abin da ban yi ba. Na san maganar masallacin ta yi tsauri, yayana ya harare ni kamar zai cinye ni ɗanya, amma har yau ban janye ta ba. Baffa ya ce to in zaɓa, ko bidiyon, ko in daina kiransa uba.

Ashe Gwaggo tana bayan ƙofa tana ji. Sai muka ji ƙarar sandarta. Ta shigo ta tsaya a kan ƙanenta, ta fara da tuna masa cewa ita ta goya shi. Maganarta ba ta fita sosai tun ciwon, amma ranar kowa ya ji. Ta ce ba yarinyar nan ce ta kashe ta ba, waɗanda suka yi saurin haƙa mata kabari su suka san inda suka samo labarinsu. Ta ce ta ga taron mutuwarta da idonta, ya cika, ya yi kyau, ta gode, amma ba ta ji daɗinsa ba don kuka ake yi, kuma tunda ashe mutane suna da ƙafar zuwa, to su zo su ji waƙa. Sannan ta sa aka ɗauko mata jan mayafinta, ta juyo ta ce in fito da wayata in ɗauke ta nan take, da bakin nata yadda yake, mai son nuni ya yi ta yi. Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa ya fita. Ni kuma na ɗauki hoton.

Na sake gina shafin daga tushe, wannan karon a wayata, na kuma ari tsohuwar wayar matar yayana na duba. Abin da ke fara bayyana shi ne ranar taro da wurin sayen tikiti, sannan hotonta na gaske, mai kala, da jan mayafi da sanda, da ɗan bidiyo tana cewa tana nan da ranta, masu son ganin fatalwa su hanzarta kafin kujera ta ƙare. Wancan zanen na cire shi, ko da yake yana nan a kwamfutata, kuma har gobe ina ganin ya yi kyau. Ƙungiya ba ta dawo ba sai wasu mata ƙalilan masu zuciya, mai ɗakin farko ya janye, muka samu wani ƙarami. Baffa ya hana matan gidansa zuwa. Na bi gida-gida da ƙafata, wasu su karɓe ni, wasu a ce mini ba sa nan alhali ina jiyo muryarsu.

Ranar taron ɗakin bai cika ba, ba zan yi ƙarya ba, kuma na san da yawa gulma ce ta kawo su, su ga wadda ta mutu ta dawo. Oho, sun dai zo. Aka kife ƙwarya a kan ruwa, aminiyarta ta gyara zama ta ɗauki 'yan sandunanta. Da aka zaunar da Gwaggo aka miƙa mata abin magana, baitin farko ya fito a tauye, har na ji wasu suna ƙus-ƙus a baya. Sai tsofaffin 'yan amshinta suka ɗauke, ita kuma ta sake shiga, muryar ta buɗe kamar an cire mata toshiya. Ta shiga kiran matan da ke wurin da kirarin iyayensu da kakanninsu, abin da ba wanda ya riƙe a ka sai ita. Hajiyar Jigwada ce ta fara miƙewa ta ɗaura ɗamara. Kafin a kira magariba ba mai zaune a ɗakin nan, ana guɗa ana share hawaye, ni ma ban san lokacin da na jefar da takalmana ba. Da muka dawo gida ta sa na shafa mata man zafi a ƙafa, tana ta dariya ita kaɗai, ta ci tuwo fiye da yadda ta saba.

Da a nan labarin ya tsaya da ban rubuto ba. Bayan damina ta wuce, wata safiya na kai mata kunu na tarar numfashinta ya canja. Kafin a nemo keke ta cika, kanta a cinyata, ni na shafe mata ido. Baffa ya zo, wannan karon sai da ya shiga ya yaye mayafi ya gani sannan ya fita ya sanar, aka sa jana'iza bayan azahar tunda mu ba a ajiye gawa. Na rubuta sanarwa, ba hoto, ba ado, na tura. Edita, amsar farko da ta shigo 'yar fuskar dariyar nan ce. Wata ta rubuto wai an dawo kuma, tikitin me ake sayarwa yanzu. Wani ya ce a turo hujja. Hujja! In ɗauki gawar uwata hoto ke nan in tura masa? Na ajiye rubutu na koma kira ɗaya bayan ɗaya, ina kuka ina rantsuwa, wasu su ce to, bari su bincika su gani. Shafin nan da ya kashe ta tana raye, ranar da ta mutu da gaske ko uffan bai ce ba, wai yana jiran tabbaci. Har cikin waɗanda suka ji a masallaci wasu suka tsaya jira, tunda bakin da ya faɗa yau shi ya faɗa wancan karon.

Yayana ya gaya mini sahu ɗaya aka yi da ɗan guntu a sallar jana'izarta. Matar da aka rufe layi saboda mutuwarta ta ƙarya, maƙwabtan kusa ne kaɗai suka bi makararta. Aminiyarta ba ta zo ba, don 'ya'yanta sun ga saƙon suka ce tsohon zance ne, ba za su sake tayar mata da hawan jini ba, suka ɓoye mata. Sai bayan sadakar uku ta ji a bakin 'yan kasuwa. Ta iso da ƙwaryarta ƙulle a cikin zane, ta ce ta taho da ita ne ko Allah zai sa wannan ma ƙarya ce. Ta zauna a ƙofar ɗakin Gwaggo da ƙwaryar a cinyarta. Mutane suka yi ta zuwa daga baya, kowa da uzurinsa, kuma kusan kowa sai ya ƙare da cewa ai da ban yi abin da na yi ba da sun zo a kan lokaci. Na daina amsa musu, ruwa kawai nake miƙa musu.

Na juya maganar nan a raina iya juyawa. Ina da nadama, ba zan ɓoye ba. Sahun nan yana ci na har yau, kuma na san zanena ne ya buɗe ƙofar. Amma ban yarda in ɗauki kayan gari duka a kaina ba. Ni hoto na zana. Wata ta rubuta mutuwa, wasu suka tura, wani ya ƙara jikoki, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya ya tambayi wanda ya ga gawa, alhali daga gidan wasunsu ana jiyo tarin Gwaggo kullum ba su taɓa leƙowa ba. Da ƙarya ta zo musu da hoto mai kyau sun karɓa hannu biyu, da na kira su da muryata ina kuka sai suka tuna da bincike. Ban rufe shagona ba, ban daina aiki da manhajar ba, ni da Baffa muna gaisawa sama-sama, bidiyon nan kuma bai samu ba kuma ba zai samu ba.

'Yan uwana masu zane, ku duba aikinku a irin wayar da mutane ke riƙewa, ku tambayi kanku in aka yanke rabinsa me zai faɗa. Na'urar nan ba ta san al'adar garinku ba, ku kuka sani, kuma in zane ne ku rubuta a jikin hoton kansa, inda ba za a iya raba su ba. Masu shafukan labarai ba ni da nasihar da zan yi musu. Tsakanina da wancan saurayin Allah ya isa ce, sauran kuma su ji tsoron ranar da za su faɗi gaskiya a yi musu dariya. Ku kuma masu karatu, in kun ga hoton tsohuwarku yana yawo, kafin yatsa ya kai ga turawa ku kira, in da hali ku je. In kun tarar ta cika kun samu jana'iza, in kun tarar tana raye ku zauna ku gaishe ta, wataƙila ta daɗe tana sauraron sallamarku. Masu cewa na tozarta Gwaggo su ci gaba da faɗa, ba zan hana su ba. Ni dai na san matar nan ta ji guɗarta da kunnenta kafin ta tafi, kuma da za a mayar da ni baya, hoton kaɗai zan canja.